Likitan Iyali Tsakanin Layin Majinyata da Teburin Rubutu

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani likita da ya roƙi a sakaya sunansa da na garin da yake aiki. Na taƙaita ta, amma ban taɓa ma'anarta ba. Ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum Malam, ranka ya daɗe. Ni likitan iyali ne, shekarata 39, ina aiki a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, kuma shekara uku ke nan da na kammala horon ƙwarewa. Tun ina ɗalibi burina shi ne in yi bincike da rubutu a kan kiwon lafiya a matakin farko, amma har yau kundin da na rubuta don jarrabawar ƙarshe yana cikin durowa, ko shafi ɗaya ban fitar ba. Kullum ina ganin majinyata sittin zuwa saba'in, da yamma in wuce wani asibitin kuɗi don cike giɓin albashi, idan na dawo gida na buɗe kwamfuta sai maiɗakina ta ce ita da yara ba su da rabo a cikina. Abokan karatuna da ke asibitocin koyarwa sun tara takardu, har wani ya ce in kawo kuɗi a saka sunana a wata takarda da suke shirin bugawa. Yanzu kuma wata ƙungiya ta yi mini tayin aikin ofis a Abuja, albashinsa ya ninka nawa, kuma babu ganin majinyata. In karɓa ne don in sami lokacin rubutu, ko in haƙura da burin gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, Likita. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ka lissafa majinyata sittin ɗin nan a jerin abubuwan da suka tare maka hanya, tare da gajiya da ƙarancin kuɗi. Na fahimci dalilin da ya sa kake ganin haka, domin wanda ya zauna a kujera tun ƙarfe takwas har bayan azahar, bai ko sha ruwa ba, ba zai ga komai a layin da ke bakin ƙofarsa ba sai nauyi. Amma ina so ka sake dubawa, ƙanena, domin a irin binciken da ka ce kana so, waɗannan mutanen su ne jarinka, kuma su ne abin da abokanka na asibitin koyarwa ba su da shi.

A shekarar 1961 wani likita mai suna Kerr White da abokan aikinsa suka buga wani lissafi da har yau ake koyar da shi, bisa alƙaluman da suka tattara daga Amurka da Birtaniya. Sun nuna cewa a cikin manya dubu ɗaya, a wata guda, kimanin 750 ne ke jin wani ciwo, 250 ne ke zuwa ganin likita, tara ne ake kwantarwa a asibiti, ɗaya kacal ne yake kaiwa ga asibitin jami'a. Alƙaluman ba na ƙasarmu ba ne, amma duk wanda ya yi aiki a karkara ya san cewa a nan ma haka siffar abin take, ko ma ta fi haka tsanani, tun da mutanenmu sai sun gaji da kemis da mai magani kafin su nemi kuɗin mota. Wannan yana nufin mafi yawan abin da aka rubuta a littattafan da muka karanta an gina shi ne a kan mutum ɗayan nan da ya kai asibitin jami'a, alhali sauran suna zaune ne a kan benci a ƙofar ɗakinka. Taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko a matsayin ginshiƙi, marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ƙoƙarin dasa shi a Najeriya lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta ware masa asusu na musamman. Duk da haka, idan aka tambayi yawancinmu mutum nawa ne cikin masu hawan jinin da muka ɗora a kan magani bara suke ci gaba da sha a bana, sai mu yi shiru. Amsar wannan tambaya ba ta ofis a Abuja, tana cikin katunan da ke ɗakin kati na asibitinka.

Bari in ba ka labarin wani likitan iyali kamarka, wanda ya yi aikinsa a Jos, don kada ka ce misalan duk na Turai ne. Dakta Tom Thacher ɗan Amurka ne, ya shafe kimanin shekara ashirin yana ganin majinyata yana kuma horar da likitocin iyali a can. A cikin layin da yake gani akwai yara masu laushin ƙashi, ƙafafunsu sun lanƙwashe, wasu sun yi gwame, wuyan hannunsu ya kumbura. Littafi ya ce rashin bitamin D ne ke kawo wannan cuta, kuma fata ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta. To ta yaya yaron da yake wuni a rana a Filato zai rasa shi? Likitoci da yawa sun ga waɗannan yara, sun rubuta musu abin da littafi ya ce, sun kira na gaba. Shi kuwa ya riƙe tambayar. Shi da abokan aikinsa na gida da na waje suka ɗauki yara 123, suka kasa su uku, wasu aka ba su bitamin D, wasu sinadarin kalsiyam, wasu duka biyun, aka bi su tsawon mako 24. Sakamakon, wanda ya fito a 1999 a New England Journal of Medicine, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ya nuna cewa waɗanda suka sami kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, domin abincin yaran hatsi ne galibi, madara kuma ba ta isa gare su. Daga baya ma sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, abin da uwa za ta iya samu a kasuwa. Tambaya ɗaya ce ya bi shekara da shekaru, kuma a bakin ƙofar ɗakin duba majinyata ya tsince ta.

Haka tarihin wannan fanni yake tun asali. William Pickles likitan ƙauye ne a wani kwari da ake kira Wensleydale a arewacin Ingila, inda ya yi fiye da shekara hamsin. Ba shi da ɗakin gwaji, abin da yake da shi shi ne sanin kowane gida da kuma takarda mai layi-layi, wadda yake yi wa alama duk ranar da wani ya kamu da cuta mai yaɗuwa, ƙauye bayan ƙauye. Da yake ya san wanda ya je bikin wa, da wanda ya kwana a gidan wa, sai ya iya ƙididdige kwanakin da ciwon shawara mai yaɗuwa yake ɗauka a jiki kafin ya bayyana, ya kuma tattara abin da ya gani a littafin da ya buga a 1939. Julian Tudor Hart kuma ya zauna a Glyncorrwg, wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales mai mutane kusan dubu biyu, daga 1961 har 1987. Ya ƙudura cewa sai ya auna jinin kowane baligi a ƙauyen, har da waɗanda ba sa zuwa asibiti, ya kuma ci gaba da bin su, kuma bayan shekaru aka ga yawan mace-mace a ƙauyensa ya yi ƙasa da na maƙwabcin ƙauye da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ne ya rubuta a mujallar Lancet a 1971 cewa kulawar likita mai kyau ta fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta, maganar da kai kake gani da idonka kowace safiya. Akwai abu ɗaya da ya haɗa mutanen nan biyu wanda zan dawo kansa idan na zo maganar gidanka: dukansu da matansu suka yi aikin.

Saboda haka amsata a kan aikin Abuja ita ce kada ka karɓe shi saboda dalilin da ka kawo. Idan bashi ne ya yi maka katutu, ko kuɗin makarantar yara ya gagara, ko akwai iyaye da jinyarsu take wuyanka, to ka karɓa ba tare da jin kunya ba, domin ciyar da iyali wajibi ne, buga takarda kuwa ba wajibi ba ne. Amma kada ka yaudari kanka cewa can ne za ka sami lokacin rubutu. Na ga ƙannena da dama sun bi wannan hanya da irin wannan niyya, kuma abin da suka tarar shi ne taro bayan taro, da rahoton wata-wata, da tafiye-tafiye, sannan alƙaluman da suke tattarawa mallakar ƙungiyar ne da masu ba ta kuɗi, ba a fitar da su sai da izini. Irin wannan aiki kuma kwantiragi ne da ya dogara ga tallafin waje, kuma kowa ya ga abin da ya faru a 2025 lokacin da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta, yadda ma'aikatan lafiya da yawa a Afirka suka wayi gari babu aiki. In har ka yanke shawarar tafiya, ka nemi hutun aiki ba tare da albashi ba maimakon ajiye aiki, ka tambaye su a rubuce ko za ka iya buga abin da ka tattara, kuma ka riƙe ko da yini ɗaya a mako na ganin majinyata. Likitan iyalin da ya shekara biyar bai taɓa majinyaci ba, tambayoyinsa kan koma irin na ofis.

Maganar biyan kuɗi a saka sunanka kuwa, ba na son ka ƙara yin tunani a kanta. Suna a kan takardar bincike shaida ce, kana cewa ka sa hannu a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ka rubuta ko ka gyara da gaske, ka amince da abin da aka buga, kuma za ka amsa tambaya idan aka sami kuskure. Waɗannan su ne sharuɗɗan da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya gindaya, kuma ko ba kwamiti, kai ka san sunan wanda ya ce ya ga abin da bai gani ba. Wanda ya sayar maka da gurbi a takarda ba ka da tabbacin bai ƙirƙiri alƙaluman da ke cikinta ba, ranar da asiri ya tonu kuwa aka janye takardar, sanarwar janyewar za ta zauna a intanet da sunanka a jiki har bayan ranka. Abin da ya fi wannan muni shi ne wani likita a wani gari zai iya karanta ƙaryar ya yi wa majinyaci aiki da ita. Ka ba abokin naka haƙuri cikin mutunci, ba sai kun ɓata ba. Haka nan ka yi hattara da mujallun da ke turo saƙo suna yabonka suna alkawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya, domin mujallar kirki sai ta ba masana sun duba, abin da kan ɗauki watanni.

Aikin farko da ke gabanka shi ne kundin da ke durowa, kuma shi ne mafi sauƙi, tun da an riga an yi wahalar. Kana da izinin kwamitin ɗa'a mai tantance bincike a kan mutane, kana da alƙaluma, malamai sun duba, ka kare shi a gaban masu jarrabawa. Abin da ya rage shi ne ka zaɓi sakamako ɗaya mafi muhimmanci a cikinsa, ka matse shi ya dawo kalmomi dubu uku ko ƙasa da haka, da jadawali biyu ko uku, ka bar sauran. Na san yanke abin da mutum ya sha wuya a kansa yana da ciwo, amma shafuka arba'in na bitar abin da wasu suka rubuta an yi su ne don masu jarrabawa, edita ba ya buƙatarsu. Ka kira malaman da suka duba maka aikin tun yanzu, ka gaya musu niyyarka, ku daidaita jerin sunaye kafin a rubuta komai, domin yawancin rigimar da na gani a wannan harka daga nan take tasowa. Akwai mujallar ƙungiyar likitocin iyali ta Najeriya, akwai kuma African Journal of Primary Health Care and Family Medicine da ake bugawa a Afirka ta Kudu, wadda kowa zai iya karantawa kyauta. Ka karanta takardu biyar daga mujallar da ka zaɓa kafin ka fara, ka duba ko suna karɓar kuɗin bugawa da ko suna yin rangwame. Idan suka mayar maka da ita da gyare-gyare shafi uku, ka yi murna, domin wani masani ne ya zauna ya karanta aikinka kyauta. Idan suka ƙi ta gaba ɗaya, ka gyara abin da suka nuna ka tura wata mujallar kafin wata ya ƙare. Alƙaluman shekara uku suna da sauran amfani, amma kowace shekara da ta wuce tana rage musu daraja.

Sabon bincike kuma, a nan ne nake so in gaya maka kuskuren da ni na yi, don kada ka maimaita. A farkon aikina a wani asibitin karkara na tsara takardar tambayoyi mai shafi huɗu, na cusa hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda duk a ciki, na raba wa nas-nas na ce su riƙa cikewa. Mutanen da aiki ya riga ya yi musu yawa, ban zauna da su ba, ban tambaye su ko zai yiwu ba. Bayan wata biyu na buɗe kwalin da ake tarawa a ɗakin kati, na tarar shafin farko ne kawai aka cike a yawancinsu, damina kuma ta yoyo a kan na ƙasa, tawada ta narke, takardun sun manne da juna. Laifina ne, ba nasu ba. Da na sake farawa, sai na sayi rajista ɗaya mai baƙin bango na ja layi bakwai: lambar kati, shekaru, namiji ko mace, ƙauye, awon jini, maganin da aka ba shi, ranar dawowa. Rajistar tana kan teburina, ni nake cikewa, kuma ba ta ci mini fiye da rabin minti a kan kowane mutum ba. Da na fara ganin gurabe a layin ranar dawowa na rasa dalili, dattijon da ke kula da ɗakin kati ne ya warware mini. Ya sa yatsa a kan sunayen ƙauyukan ya ce, "Likita, waɗannan ai sai ranar kasuwa suke samun mota, kai kuma Laraba kake ba su." Shekara da shekaru yana ganin abin, babu wanda ya taɓa tambayarsa.

To ka zaɓi tambaya ɗaya wadda za ka iya faɗa a numfashi guda, wadda kuma amsarta za ta canza abin da kake yi ranar Litinin. Hawan jini fili ne mai faɗi, tun da bincike-bincike da dama sun nuna kusan uku cikin goma na manya a Najeriya suna da shi, da yawansu ba su sani ba. Ko ka dubi masu jego da ke zuwa maka da haki da kumburin ƙafa. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa a Zariya, suka alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi, daga baya kuma binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna cewa al'adun ba su isa su bayyana abin ba, ya ja hankali ga talauci da rama da ƙarancin sinadarin seleniyam. Waɗannan likitocin zuciya ne, matar da ta kai gare su suke gani. Kwana nawa ta yi tana haki kafin ta zo, wa ta fara gani, me aka ba ta, wa ya yanke shawarar a kawo ta, duk wannan kai ne kake wurin da za a iya saninsa.

Kafin ka mayar da rajistarka bincike, sai ka nemi izinin kwamitin ɗa'a, na ma'aikatar lafiya ta jiharka ko na asibitin koyarwa mafi kusa, ko da tsofaffin katuna kawai za ka duba. Kada ka ɗauki wannan a matsayin wahalar takarda. Mu a arewa muna da tabon da bai warke ba: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Rashin yardar da abin ya haifar yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Kai ɗan gida ne, amanar da aka ba ka ta fi ta baƙo nauyi. Takardar neman amincewa ta zama da Hausar da tsohuwa za ta gane, a karanta mata a gaban shaida, a gaya mata a fili cewa idan ta ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da kake ba ta, domin majinyaci yana jin nauyin cewa a'a ga likitansa. Idan aikin zai kai ka cikin gari, ka fara da dagaci da limami. Sunan kowa kada ya shiga kwamfutarka, lamba ta isa.

Ba za ka iya kai kaɗai ba, kuma ba a so ka yi kai kaɗai. Ka nemi malami ɗaya a sashen likitancin iyali ko na lafiyar al'umma a jami'a mafi kusa, da mutum ɗaya da ya san lissafin alƙaluma, ka nuna masa tsarinka kafin ka tattara komai, ba bayan ka gama ba. Abin da za ka kawo musu shi ne abin da suke nema ba su samu, wato majinyatan karkara da ake bi shekara da shekara, saboda haka kada ka je musu kamar mai roƙo. Ta hanyarsu ne kuma za ka iya kusantar kuɗin bincike irin na TETFund, wanda na manyan makarantun gwamnati ne. Kayan aiki ba za su ci maka kuɗi ba: PubMed kyauta ne don neman abin da aka riga aka rubuta, manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox kuma tana aiki a waya ko babu intanet.

Yanzu ga maganar maiɗakinka, wadda a ganina ita ce mafi gaggawa a wasiƙarka ko da yake layi ɗaya ka ba ta. Tana da gaskiya. Mutumin da ya fita da safe, ya wuce aiki na biyu, ya dawo bayan isha ya buɗe kwamfuta, lokacin iyalinsa ya ɗauka ya ba bincike, kuma a gajiye ma yake, rubutun ba zai yi kyau ba. Lokacin rubutu daga asibitin kuɗi ya kamata ya fito. Ka zauna da ita da takarda da biro, ku lissafa nawa yamma ɗaya a mako take kawowa a wata, ku ga ko gidan zai iya jure rashinsa, kuma ka bar ta ta faɗi ra'ayinta da gaske, tun da ita ce za ta ji raguwar a cefane. Idan ta yarda, wannan yammar ta zama ta rubutu, ka yi ta a ofis ka dawo gida da wuri. Ka ƙara da minti arba'in bayan sallar asuba sau biyu ko uku a mako, lokacin da kai yake wasai. Daga magariba har yara su kwanta kuwa, kwamfuta ta zauna a jaka. Ka kuma gaya mata abin da kake nema, ba kawai cewa kana aiki ba. Matar Pickles ita ce take riƙe masa jadawalin cututtuka, matar Tudor Hart kuma ma'aikaciyar bincike ce da suka yi aikin kafaɗa da kafaɗa. Ban ce lallai taka ta zama haka ba, wataƙila tana da nata aikin da nata burin da kai ma ya kamata ka tambaya. Amma matar da ta san cewa mijinta yana ƙoƙarin gano dalilin da ya sa masu jego suke zuwa asibiti a makare, dabam take kallon kwamfutar da wadda haske kawai take gani a fuskarsa.

Ka ce kana son rubutu, ba bincike kaɗai ba, kuma ina fata ba da Turanci kawai kake nufi ba. Takarda a mujalla likitoci ɗari ko ɗari biyu ne za su karanta, amma bayani mai kyau da Hausa a kan dalilin da ya sa ba a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi zai iya kaiwa ga dubbai ta jarida ko rediyo, a daidai lokacin da masu tallar maganin ƙarya suka cika kasuwa da lasifika. Irin wannan rubutu ba a ƙirga shi a ƙarin girma, amma yana gyara alƙalami, domin wanda ya iya bayyana wa manomi yadda hawan jini ke lalata ƙoda ba tare da kalmar Turanci ba, ya fahimci abin da kyau. Sai dai ka kiyaye sirrin majinyata, a ƙaramin gari shekaru da sana'a kaɗai sun isa a gane mutum.

Game da abokanka da suka tara takardu, kada ka auna kanka da su, aikinsu ne ya tanadar musu lokaci da ɗalibai da ɗakin karatu. Idan ka fitar da takarda ɗaya ta gaskiya a shekara, nan da shekara goma kana da goma a kan al'umma ɗaya da ka sani gida-gida, kuma idan a lokacin ka so komawa jami'a, da abin da za ka nuna.

Ka ba kanka wata shida kafin ka sake duba maganar barin asibitin, ka kuma gaya wa mutanen Abuja gaskiya cewa ba yanzu ba. A cikin makon nan ka ciro kundin daga durowa, ka kira malamin da ya duba maka shi, ka sayi rajista, ka yi zaman nan da maiɗakinka. Idan ka tsayar da tambayarka, ka rubuto mini ita a layi ɗaya tare da layukan da ka ja a rajistar, zan duba in gaya maka wanda ya kamata ka cire. Ka gaishe mini da iyali, Allah ya yi jagora.